Mataimakin da Ya Ƙirƙira wa Shugabansa Ciwo

An yi wani mutum a tsibirin Harang, can kudancin Koriya. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma 'yarsa mutuniyar kirki ce. Mataimaki kowa ke kiransa, mu ma haka za mu kira shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana mataimakin shugaban ƙungiyar masunta ta tsibirin.

Kada ku raina wannan kujera, ya 'yan uwa. A Harang ƙungiya ce ke faɗin inda kowa zai ɗaure jirginsa, da ranar da mata za su fara nutso a teku don ɗebo kawa, wani naman ruwa mai ɓawo, da ɗan kasuwar da za a sayar wa. Shugabanta shi ake fara zuba wa abinci a kowane biki, shi ake fi rusunawa idan an haɗu a hanya. Mataimaki kuwa riƙe masa lema yake yi idan ana ruwa.

Shugaban wani dattijo ne, Pyo Dok-man, ɗan shekara saba'in da tara. Duk zaɓe shi ake mayarwa, don ba ya cuta kuma ba ya son dogon jawabi. Kullum da safe sai ya yi iyo a teku, ko da sanyi ya kai inda ya kai, ya fito ya cinye kwano biyu na shinkafa. Mataimaki yakan tsaya a bakin ruwa da tawul, yana cewa, "Shugaba, kai fa ƙuruciya kake ƙarawa." Da baki yake faɗa, zuciyarsa kuwa tana ƙuna. In tsohon ya yi tari sau ɗaya, ranar Mataimaki da fara'a yake wuni.

Ƙungiyar tana da tsarin mulki, ɗan littafi mai shuɗin bango da iyayensu suka rubuta suna kwaikwayon na ƙasa. Ba mai karanta shi sai Mataimaki. Shi ma sashe ɗaya ya haddace, na goma sha huɗu. Sashen ya ce idan shugaba ya mutu ko ya sauka, mataimaki ne zai riƙe kujera, a yi zaɓe cikin kwana sittin. Idan kuma ciwo ne ya hana shi aiki, sai an kawo takardar likita, sannan mutum shida cikin tara na majalisa sun ɗaga hannu. Mataimaki ya daɗe da fidda rai daga mutuwar Pyo da saukarsa. Ciwon nan kaɗai ya rage masa.

Wata kaka sai aka ga tsohon ya daina iyo. Tafiyarsa ta canza, yana buɗe ƙafafu. A ofis a tsaye yake sa hannu a takardu. Ran nan ya ɗauki matarsa suka hau jirgin fito zuwa birni, ya ce kwana uku zai yi, bai gaya wa kowa dalili ba. Hatimin ƙungiya ma a aljihu ya tafi da shi.

Kwana uku suka wuce bai dawo ba, sai aka ji wai yana asibiti. Mataimaki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya sayi kwalin 'ya'yan itace mai tsada, ya gwada fuskar jimami a madubi har ta zauna, ya bi shi asibiti. Yana tsammanin zai tarar da mutum da robobi a hanci. Sai ya tarar da tsohon a kwance rub-da-ciki, yana shan romon kaza da cokali, yana yi wa matarsa faɗa a kan gishiri.

Pyo ya sa matar ta fita, ya jawo shi kusa. "Ƙanena, kai kaɗai zan gaya wa. Basir ne. An yi aiki, ɗinkin ne ya ɗan buɗe, sun ce sai na ƙara mako guda. Ka rufa min asiri. Gara in mutu da matan nutson nan su ji."

Mataimaki ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Har ya ba shi shawara ya kashe waya ya huta, shi zai kula da komai. Tsohon ya gode masa, ya kashe wayar a gabansa.

To ku ji yadda Shaiɗan yake aiki. Ba ya zuwa da ƙarya ƙatuwa tun farko. A cikin jirgin komawa abin da ya raɗa masa kaɗan ne: wannan mutum ba zai taɓa faɗin ciwonsa ba, ko za a yanka shi. Duk ciwon da aka laƙaba masa, ba shi da bakin musu.

Da jirgi ya tsaya mutane suka taru suna tambaya yaya jikin Shugaba. Mataimaki bai yi ƙarya da baki ba a ranar. Da yatsa ya yi ta. Ya sunkuyar da kai, ya ja dogon numfashi, ya ɗan ƙwanƙwasa gefen kansa sau biyu, ya wuce gida.

Sauran aikin gari ne ya yi masa. Kafin yamma an ce Pyo bai gane matarsa ba. Washegari an ce yana kiran ma'aikaciyar jinya da sunan mahaifiyarsa. Ran na uku wata ta rantse an gan shi yana cin furannin da aka kai masa. Aka yi ta buga waya, a kashe. Duk wanda ya zo wa Mataimaki da sabon labari, sai ya ce shi dai an ba shi amana, ba zai yi magana ba. Kun ji? Da sunan amana yake cin amanar.

Saura takardar likita. Likitar da ke zuwa tsibirin duk ranar Talata ta ce ba ta rubuta wa wanda ba ta duba ba. Sai Mataimaki ya tuna da ƙanin matarsa, Yuk Sang-du. Shi ma likita ne, yana da farar riga da lasisi a bango. Sai dai awaki da karnuka da kifin kiwo yake dubawa.

Sang-du ya ce shi tsoro yake ji, wannan abu zai iya kai mutum gidan yari. Mataimaki ya buɗe masa littafin, ya ɗora yatsa a kan layin. Likita aka rubuta, ba a ce na wane ba. Ya ƙara da cewa idan ya hau, duba duk kifin ƙungiya nasa ne. Sang-du ya ɗauki biro, ya rubuta da irin kalmomin da ya saba: majinyacin ya tsufa, ba ya gane masu shi, kuma ba a sa ran zai ƙara yin aiki. Ya buga hatimi.

Saura hannu shida. Uku abokan shansa ne, ba su ba shi wahala ba. Sauran ukun ya bi su gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja shi bayan ɗaki ya ce, "Kujerar mataimaki taka ce, amma ka bar shi tsakaninmu." Kujera ɗaya, mutum uku. Kowannensu ya koma ya gaya wa matarsa ta fito da kwat ɗinsa ta goge.

A zaman majalisa mutum ɗaya ce ta tsaya masa. Inna Ok Mal-sun, shugabar matan nutso, shekararta saba'in da huɗu, ruwa ya taɓa mata kunne don haka da ƙarfi take magana. Ta karɓi takardar, ta nisanta ta da ido, ta karanta hatimin.

"Wannan ba Sang-du ba ne? Wanda ya yi wa akuyata allura ta mutu? Yaushe Pyo ya fito da ƙaho?"

Aka ɗan yi dariya. Mataimaki ya ce a girmama doka, doka likita ta ce. Aka ƙirga hannu, shida cif, Mataimaki ya zama muƙaddashi. Inna Mal-sun ta ce a rubuta a littafin taro cewa ita ba ta yarda ba, kuma a rubuta batun akuyar.

Muƙaddashi aikinsa ya riƙe abu yadda ya same shi har mai shi ya dawo. Namu kuwa kafin azahar ya sauke hoton Pyo daga bango. Ya sa an sassaƙa masa allon suna, aka rubuta "Shugaba" da manyan haruffa, "Muƙaddashi" kuwa sai ka sa tabarau. Ya mayar da jirgin Pyo can ƙarshen gaɓa inda igiyar ruwa ke duka, ya sa nasa a wurin. Ya ɗauki wanda zai riƙe masa lema, ko ba ruwa. Da yake hatimi yana aljihun tsoho, ya sa an yi masa sabo, wanda ya fi wancan girma.

A watan nan ne ake sabunta lasisin ruwan tsibirin, wanda in babu shi ba mai nutso, ba mai ɗebe kawa ko ganyen teku. Mataimaki ya cike takardun, ya danna sabon hatiminsa, ya aika hukumar gunduma.

Ran kwana goma sha biyu Pyo ya dawo. A tsaye ya yi tafiyar jirgin gaba ɗaya. Yana saukowa ya ga mutane suna ja da baya suna kallonsa da tausayi. Wata mai sayar da taliya ta matso, ta ɗaga murya tana jan kalmomi kamar mai koya wa jariri magana, ta tambaye shi ko ya gane ta. Ya ce ya gane ta sarai, ita ce wadda romonta ruwa ne zalla. Ta juya ta ce wa jama'a lallai abin ya yi tsanani, da bai taɓa faɗa mata haka a ido ba.

Da ya ji abin da ya faru bai yi hayaniya ba. Ya shiga gida, ya cike nasa takardun lasisin, ya buga hatimi na asali, ya aika. Hukuma ta ga takarda biyu, shugaba biyu, hatimi biyu. Ta rubuto cewa ta dakatar da lasisin har sai Harang ta san wanda ke shugabanta. Lokacin kuwa tsakiyar kakar kawa ne. Nan dariya ta ƙare. Mata arba'in suka rataye kayan nutsonsu, suna zaune a kan duwatsu suna kallon abincin 'ya'yansu a ƙarƙashin ruwa, ba halin taɓawa. 'Yan kasuwa suka juya jiragensu zuwa wasu tsibirai.

Aka kira taron gari a zauren ƙungiya. Kowa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kamar kullum. Pyo kaɗai ya tsaya jikin bango, ya ce lafiyarsa ƙalau, a ba shi kujerarsa. Mataimaki ya miƙe da ladabi, ya ce ba wanda ya kai shi farin ciki da dawowar Shugaba. Sai dai doka doka ce. Idan ba ciwon kai ba ne, to Shugaba ya gaya wa jama'a wane ciwo ne. Ya tura masa matashin zama da ƙafa.

"Zauna mana, Shugaba. Ko zaman ma an manta yadda ake yi?"

Yana da tabbacin tsohon ba zai yi magana ba. Pyo ya dubi matashin. Ya dubi matan nan arba'in da suka yi mako biyu ba su shiga ruwa ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya zaro takardar asibiti daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce a hankali, "Basir ne."

Inna Mal-sun ta kama kunne ta ce ba ta ji ba. Dole ya sake faɗa da ƙarfi, har na waje suka ji.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Don wannan ka bar mu da yunwa? Ai rabin ɗakin nan a kansa suke zaune. Ga wancan, ga wancan, ga mijina."

Zaure ya ɓarke da dariya, har da Pyo. Da aka lafa, tsohon ya nuna Mataimaki, ya ce wannan ya zo asibiti, ya gan shi da idonsa, ya ji da kunnensa, kuma ya yi alkawari. Ba wanda ya sake dariya. Sang-du ya fashe da kuka tun ba a tambaye shi ba, ya zayyana komai. Ɗaya daga cikin masu kwat ya tashi ya ce shi an yaudare shi ne da kujerar mataimaki. Na biyu ya ce wace kujera, ai tasa ce. Na uku kuwa takalmi ya je ya ɗauko daga bakin ƙofa.

Ya 'yan uwa, a nan ƙofar tuba a buɗe take. Da ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa ya ce ya yi laifi, Pyo mutum ne mai sauƙi, kuma mutanen tsibiri ba sa son kai nasu ƙara. Amma wanda ya saba fita ta ƙarya, in ya ga ƙofa ma taga yake nema. Ya ce shi har yanzu muƙaddashi ne, sai majalisa ta zauna bisa ƙa'ida, kuma shi ke da ikon kiran zama. Ya ɗauki hatiminsa ya fice. Sai matan nutso suka haɗu suka kai maganar takardar bogi wurin 'yan sanda.

Da sammaci ya iso, dabara ta zo masa. Ya taɓa gani a talabijin yadda manya ke zuwa amsa tambaya a keken marasa lafiya. Ya samo keke, ya rufa bargo a gwiwa, ya ɗaure baki da ƙyalle, ya sa matarsa Bun-hi ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a birni, na mutane wannan karon. Aka tambaye shi wace shekara ake ciki, ya faɗi ta haihuwarsa. Aka ce ya zana agogo, ya zana kifi. Aka nuna masa Bun-hi aka ce wace ce wannan, ya dube ta sama da ƙasa ya ce wata tsohuwa ce da ke bin sa. Bun-hi ta ji da kunnenta. Ta dai gyara masa bargo.

Sau uku ana kiransa gwaji, sau uku yana faɗuwa da ƙwarewa. Likita ya rubuta cewa ba zai iya tafiyar da al'amuransa ba. 'Yan sanda suka jingine binciken har ya warke. Ya dawo a jirgi yana murmushi a ƙarƙashin ƙyalle, a ganinsa ya fi kowa wayo.

Takarda kuwa ba ta san wanda ya nemo ta ba. Sakataren ƙungiya ya samu kwafi, ya ga ai shi ne na gaba a layi idan muƙaddashi ya gaza, ya kira zama. Ga takardar likita, ta gaske. Aka ce a ɗaga hannu, aka ƙirga goma, don Inna Mal-sun biyu ta ɗaga. Aka mayar wa Pyo kujerarsa, aka aika wa hukuma. Lasisi ya dawo, amma kaka ta riga ta wuce. A shekarar gidaje da yawa kabeji da shinkafa suka ci har bazara, wasu samari suka bar tsibirin neman aiki ba su dawo ba.

Kwafi na biyu Bun-hi ce ta ɗauka, ta kai kotun iyali. Shekara talatin da biyar tana gidan nan ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba, ko a kan kalar labule. Kotu ta duba takardar, ta naɗa ta mai kula da shi da dukiyarsa. Jirgi, gida, hatiminsa na kansa, duk suka koma hannunta. Ta ba mijin 'yarsu Miran jirgin. Ta zubar da kwalaben giya. Ta ce likita ya hana gishiri da yaji, ta koma dama masa kunun shinkafa safe da rana.

Ran nan ya rufe ƙofa, ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa, ya ce, "Maman Miran, ke fa kin san lafiyata ƙalau."

Ta ci gaba da yanka albasa. "Na sani, Baban Miran. Ofishin 'yan sanda ƙarfe tara suke buɗewa. In kana so in raka ka, sai ka nemi tsohuwar nan da ke bin ka."

Ya tsaya ya yi lissafi. In ya warke, gidan yari. In bai warke ba, keke da kunu. Ya koma ya zauna a keken da kansa, ya ja bargo.

Da bazara Pyo ya tara jama'a ya ce ya sauka. Ya ce tun yana kwance a asibiti ya yanke wannan shawara, don kwanciya rub-da-ciki tana sa mutum tunani. Niyyarsa ita ce da an sabunta lasisi ya miƙa wa mataimakinsa kujera, ya kuma roƙi gari su zaɓe shi, saboda shekara goma sha ɗaya yana riƙe masa lema bai taɓa bari ya jiƙe ba. Aka yi zaɓe cikin kwana sittin kamar yadda littafi ya ce, Inna Mal-sun ta ci. Mutumin namu yana bakin ƙofa a kekensa ya ji komai. Hawaye suka zubo masa. Mutane suka ce kai, ciwon nan ba shi da kyau, dubi yadda yake kuka ba dalili.

Yau shekara huɗu. Da farko yakan tashi ya zaga tsakar gida idan ba kowa. Yanzu an ce ko ya so tashi, ƙafafun sun daina amsawa.

To, ya 'yan uwa, me ya kai shi nan? Talauci ne? Yana da jirgi da gida. Rashin matsayi ne? Shi ne na biyu a gari. Abin da ya kai shi, ya zauna kusa da kujera har ya daina ganin mutumin da ke kanta, ya koma ganin shinge. Ya yi wa ɗan uwansa fatan ciwo, da ciwon bai zo yadda yake so ba ya ƙirƙira masa. Dokar da aka rubuta don kada gari ya zauna ba shugaba ranar da Allah ya jarrabi shugabansa, ita ya mayar tsani. Ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, kuma duk tafiyar nan ƙarya yake yi. Mutum yana iya cika sharuɗɗan takarda tsaf, alhali Wanda ba a nuna wa takarda yana kallonsa.

Kada wani ya ce ni ba mataimakin kowa ba ne. Akwai mai ƙirga tarin mahaifinsa saboda gona. Akwai mai tambayar jikin maigidansa a ofis da fuska biyu. Akwai wanda aka ba sirrin mara lafiya, ya fita ya sayar da shi da ɗaga gira kawai, yana cewa ai ni ban faɗi komai ba. Kowa ya dubi zuciyarsa. Abin da aka rubuta maka zai same ka kana tsaye da mutuncinka. Wanda ba a rubuta maka ba, in ka fizgo shi, da shi za a ɗaure ka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya hana mu jin daɗin ciwon wani. Allah ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu a ɓoye kamar wadda aka ba mu a bainar jama'a. Allah ya kiyaye mu da son kujera, ya kiyaye mu da dabarar da za ta zaunar da mu inda ba za mu iya tashi ba. Amin.